Karyar da Ba Ta Haushi

A shekarun da nake aikin injiniya a Doha, muna zaune a unguwar Al Aziziya, 'yata ta fari ta tsiro da maganar kare. Tun da muka baro Zariya bakinta ya mutu. Da ta dawo daga makaranta sai ɗaki. Abu ɗaya ke kawo ta bakin taga: wani ɗan mitsitsin kare mai farin gashi na maƙwabtanmu, wanda ake wanke shi da sabulu mai ƙamshi. Irinsa take so.

Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Abin da na karanta a wurin malamaina shi ne, ana ajiye kare don gadi, ko kiwo, ko farauta. Mai aiki zan yarda da shi, ya zauna a tsakar gida. Wanda ba shi da sana'a sai kwanciya a cinya ba zai zauna a gidana ba. Na faɗi haka a gaban mahaifiyarta domin a samu shaida.

Na je wurin mai gidan da muke haya, wani dattijon Balarabe, na ce masa da larabcina na makaranta ina neman kalb, wato kare, mai aiki. Ya ɓata rai. Ya ce shi ba ya ajiye kalb, saluki yake kiwo, karen farautar Larabawa, kuma ba a haɗa saluki da karnukan titi. Na ɗauka fahariya ce kawai. A garinmu karen mafarauci shi ne mai tsaron gidansa. Ban ga dalilin da na Larabawa zai bambanta ba. Ya ba ni wata karya siririya mai dogayen ƙafafu, kyauta.

Ba ta taɓa haushi ba. Mai kawo tukunyar gas ya shigo, ta ɗaga kai ta mayar. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya tsallake ta da tsani a kafaɗa, ko kunne ba ta kaɗa ba. Kyanwa ta cinye abincinta a gabanta. Ba ta kwanciya sai an shimfiɗa mata bargo. Abin takaicin kuma, duk baƙon da ya taɓa ƙofarmu, ɗan farin abin nan na maƙwabta ne ke cika layi da haushi.

Na koma wa dattijon da ƙorafina a jere, kowanne da ranar da ya faru. Ya yi dariya har da share ido.

"Ya akhi, aiki ka ce, ba ka ce gadi ba. Saluki gudu yake yi. In gadi kake so, ka ɗauki mai gadi. Khalas, shi ke nan."

A bisa ƙa'idar da na kafa da bakina, dole karyar ta koma. Sai dai a makonnin nan yarinyar ta soma magana. Kullum da yamma tana tsakar gida tana ba wa karyar labarin makaranta da Hausa, daga baya mu ma ta fara ba mu. Duk da haka na sanar da hukuncina bayan cin abinci, domin maganar da uba ya yi ba ya janye ta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Abba, abu uku ka lissafa. Ita ba ta ƙi aiki ba, kai ne ba ka kai ta wurin aikinta ba."

Na dubi shaidata. Ta ce ƙwarai uku ta ji, kuma farauta na ciki.

Haka ni, da ban taɓa farautar ko ɓera ba, na koma ɗaukar yarinya da karya a mota kowace Juma'a bayan la'asar, mu fita bayan gari cikin rairayi. Ana buɗe mata ƙofa take ɓacewa, sai ƙura. Iyakar abin da ta taɓa kamowa wata baƙar leda ce da iska ta kwaso.

Har yau ina kan bakana cewa dattijon nan bai yi mini cikakken bayani ba. Karyar kuwa a gidanmu ta tsufa, a kan bargonta, ba ta yi haushi ko sau ɗaya ba.