Mutumin da Yake Sauraron Takalma

Na fara ganin Baba Kagaya ranar Litinin, 2 ga Oktoba, 2006, da ƙarfe tara da kwata na safe. A ranar na kama aiki a ofishin zauren wasanni na garinmu, nan arewacin Japan, bayan shekara goma sha huɗu a ofishin ruwa. Ya shigo da safa kawai a ƙafarsa, gwiwoyin wandonsa sun koɗe, ya ajiye takarda a kan teburina.

"Akawu, buga mini hatimi."

Dokar zauren ita ce ba a manna komai a allon sanarwa sai da hatimin ofis mai kwanan wata. Na duba takardar. Sunayen ƙungiyoyin ƙwallon kwando shida ne na yankinmu, an jera su daga ta ɗaya zuwa ta shida, kowace da layi ɗaya ko biyu a ƙarƙashinta. Ƙungiyar garinmu ce ta biyar.

"Sakamakon bara ne?"

"Na bana ne."

"Ai ba a fara ba."

"Da an fara me zai kawo ni wurinka? Buga, ina da daɓen da zan goge."

Na buga, na ɗauki kwafi na sa a fayil, don ba na barin takarda ta wuce ta hannuna ban ajiye irinta ba. A watan Mayu da aka gama kakar wasa na ciro ta na gwada. Cikin shida ya ci huɗu. Ƙungiyarmu ta biyar ta zo.

Sunansa Kagaya Tokuzo. Shi ke kula da daɓen katako na zauren tun ranar da aka shimfiɗa shi: ya share, ya goge, ya shafa masa mai sau biyu a shekara. Bai taɓa buga ƙwallo ba, tsayinsa bai wuce kafaɗata ba. Amma duk wasan da aka yi a zauren yana nan. Kowane Satumba kuma, kafin a buɗe gasar ƙwararru, ƙungiyoyin nan shida sukan taru a wurinmu su yi wasannin gwaji na kwana uku. Daga waɗannan kwanaki ukun yake samo hasashensa.

Yadda yake yi ne ya hana ni sakat. A shekara ta biyu na bar tebur na bi shi. Ba ya zama cikin 'yan kallo. Akwai wata ƙaramar ƙofa a ƙarƙashin kujerun yamma inda yake ajiye tsumma da bokiti, nan yake zama a kan akwati, ya rufe ido. Daga wurin ba a hango kwando ko ɗaya.

"Baba, ka sayi wuri mafi muni a zauren nan."

"Yi shiru ka ji. Idan mutum biyar suna tsare kwandonsu da zuciya ɗaya, takalmansu tare suke kuka, tare suke yin shiru. Idan kowa kansa ya sani, sai ka ji kamar ɓeraye a rufin ɗaki. Waɗannan masu jar riga, ka ji su? Huɗu sun tsaya, na biyar yana zuwa daga baya. Kafin Janairu za su fara zagin juna."

Na kasa kunne iyakar iyawata. Ƙara kawai na ji.

Bayan kowane wasa yakan yi rarrafe a ƙarƙashin kwando yana duba zanen da robar takalma ta bari. Gajeren zane, ɗan wasa ya tsaya inda ya yi niyya. Dogo, ƙafa ta ja shi. Ya san ɗinkin ƙasan takalmin kusan kowane babban ɗan wasa, yakan kuma yi fushi idan wani ya canja takalmi bai daɗe da sabawa da shi ba.

Na buɗe masa littafi na musamman. Daga 2006 zuwa 2016, gurbi sittin da shida, ya ci arba'in da biyar. Da ya fi haka, sai dai a 2012 hukumar gari ta sayo wani sabon man katako mai arha, takalma suka riƙa kuka iri ɗaya, cikin shida ya ci ɗaya tak. Magoya baya suka yi wata guda suna masa dariya. Mai sayar da taliya a bakin ƙofa yakan ce, "Bokan daɓe, yau za a yi ruwa ko a tambayi tsumma?" Shi kuma ya ce, "Tsumma ya ce romonka ya fi na jiya ruwa." Bai taɓa kawo zancen man a matsayin uzuri ba. Ni na rubuta shi a gefen shafi da fensir.

Tun 2010 jaridar garinmu take buga hasashen nasa washegarin da aka manna. Kowa yana karantawa, har masu horar da 'yan wasa, ko da yake sukan ce ba su gani ba.

A 2017 ɗansa Shunpei ya dawo gida. Shekararsa talatin da ɗaya, ya yi tara yana wasa a kudu, an yi masa aiki a gwiwar hagu, ƙungiyarmu ta ɗauke shi kwantiragin shekara ɗaya, ta ba shi lamba goma sha huɗu. Hotonsa har a titin kasuwa. A wasannin gwaji ya ci maki goma sha takwas ranar farko, ashirin da biyu ranar ƙarshe. Mutane suka riƙa tare Baba Kagaya suna cewa bana dai dole ya sa mu na ɗaya. Na lura bai amsa wa kowa ba, kuma ranar ƙarshe ya daɗe yana rarrafe a ƙarƙashin kwandon gabas fiye da yadda ya saba.

Ranar 2 ga Oktoba, ita ma Litinin, na tarar da shi zaune a bakin ofis tun kafin in buɗe. Ya sa ƙungiyarmu ta uku. A ƙarƙashinta ya rubuta: "Lamba 14 yana dira a kan ƙafar dama kaɗai. Idan bai huta ba, ba zai kai Disamba ba."

Na karanta sau biyu. Na ce masa tawadar hatimi ta bushe, bari in nemo wata. Ba ta bushe ba. Ina cikin buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya sai ga matarsa, Mitsue, da Shunpei a bayanta, ya sunkuyo don ya wuce ƙofa. Ashe ta ga gwajin rubutun a kan teburin cin abinci.

"Baba," in ji Shunpei, "likita biyu sun duba ni, sun ce na warke."

"Sun ji dirarka?"

"Shekara ɗaya aka ba ni. Idan koci ya ga wannan a jarida, a benci zan ƙare, kuma babu wanda zai sake ɗaukata. Ka san haka."

"Na sani."

"Baban Shunpei," Mitsue ta ce, "maganar gida ce wannan. A gida ake faɗa, ba a allo ba."

"Sau uku na faɗa masa a gida. Ya ce in je in goge daɓena."

"Ba haka na ce ba," in ji Shunpei.

"Haka na ji, kuma kunnena ƙalau yake."

"Kunnen da ya ci ɗaya cikin shida?"

Mitsue ta ja hannun rigar ɗan nata, amma maganar ta riga ta fita. Shunpei ya juyo gare ni, ya rusuna sosai, mutum mai tsayin nan.

"Malam Hatakeyama, ina roƙonka, kar ka buga."

Abu uku ne kawai doka ta ba ni ikon ƙi: tallar kaya, siyasa da zagi. Na gaya masa haka, na ji kunyar yadda muryata ta fito kamar ina karanta takardar ofis. Sannan na ɗauko almakashi na ajiye a gaban uban.

"Baba, layin nan shi ne na ƙarshe a ƙarƙashin sunan. Idan ka yanke ka liƙa sauran, jerin yana nan yadda yake. Babu wanda zai ce ka yi ƙarya."

Ya ɗauki almakashin. Ya daɗe riƙe da shi, har ya sa bakinsa a gefen takardar. Sai ya ajiye.

"Akawu, in na yanke, ya tashi sama a daɓena ya sauko bai tashi ba, ni ne zan zo da tsumma in goge wurin. Kuma na san na ji." Ya dubi ɗansa. "Ni ba ka saurare ni ba. Kocinka yana karanta jarida."

Na buga hatimi da ƙarfe tara da minti ashirin da biyu. Shunpei ya fita bai yi sallama ba. Mitsue ta ajiye wa mijinta ƙunshin abincin ranarsa a kan teburina, ba a hannunsa ba, ta bi ɗanta.

Jarida ta buga ranar Talata. Koci ya ce wa manema labarai shi ba ya tsara 'yan wasa da shawarar mai goge daɓe, amma a makon ya tura Shunpei a sake ɗaukar hoton gwiwar. Aka ga ɗan kumburi. Likita ɗaya ya ce kowane ɗan wasa mai shekarunsa yana da irinsa, ɗaya ya ce a bi a hankali. Koci ya bi na biyun. Shunpei bai shiga fili ba sai tsakiyar Janairu, daga nan kuma minti shida, minti takwas. Wanda aka sa a gurbinsa, ɗan shekara ashirin da uku, ya riƙe wurin da kyau. Muka ƙare na uku.

A watan Mayu na buɗe littafi. Jerin ƙungiyoyi ya ci huɗu cikin shida, wannan babu wuya. Layin lamba goma sha huɗu ne ya tsaya mini. Gwiwar ba ta karye ba. To don ya huta ne, ko da ma ba za ta karye ba? Na yi kwana biyu ina juya abin, na je na same shi a ƙarƙashin kujerun yamma yana wanke bokiti.

"Baba, me zan rubuta? Ka ci ko ka faɗi?"

"Ni ma tun Oktoba nake tambayar kaina. Wata rana in ji dirar nan sarai a kunnena. Wata rana in ce ko sabon takalmi ne bai gama laushi ba." Ya zubar da ruwan. "Kai ne akawu. Rubuta abin da ya faru."

Na rubuta: bai ji rauni ba, ba a sabunta kwantiraginsa ba.

Shunpei ya daina wasa a wannan bazarar. Yana horar da 'yan mata a wata makarantar sakandare, tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga nan, yana tafiya ba ɗingishi. Shekara biyu bai taka gidan iyayensa ba. A ta uku ya zo bikin sabuwar shekara da matarsa, Mitsue ta ce mini sun ci abinci tare, babu wanda ya ambaci ƙwallo.

Baba Kagaya ya kawo mini hasashe sau biyu bayan wannan, jerin sunaye zalla, ba layi a ƙarƙashin kowa. Ya yi ritaya a ƙarshen Maris, 2020. Wani kamfani ne ke goge daɓen yanzu da inji. Ya rasu ranar 9 ga Fabrairu, 2023, yana da shekara saba'in da huɗu.