Guwanzu Ba Jidda Ba Ce

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da muka zauna jiran jirgin yayana. Ya tafi birnin Guwanzu na ƙasar Sin saro yadi, sai jikin mahaifinmu ya rikice a gidanmu na Fagge. Likita ya ja ni gefe ya ce duk wanda ke nesa a kira shi. Na kira Yaya, ya watsar da sayayyar ya nemi jirgi.

Da hantsi ya bugo ya ce ga shi zai shiga, zai kashe waya. Inna ta sunkuya saitin kunnen Baba ta ce, "Alhaji, ya taso, kafin la'asar yana nan." Duk muka yarda, don mu ma'aunin tafiyar jirginmu ɗaya ne, aikin Hajji: ka karya kumallo a Kano, la'asar ta same ka a Jidda. Har abinci Inna ta sa aka ajiye masa. Baba kuwa ya kafa wa ƙofa ido, ko labule ne ya motsa sai ya yunƙura.

Ana haka aminin Baba ya zo dubiya, wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, wanda ya sha bin wannan hanya. Da ya ji lissafinmu sai ya kira ni zaure.

"Ɗana, wa ya ce muku yau? Guwanzu ba Jidda ba ce. Zai wuni a sama, ya sauka a wata ƙasa, ya jira wani jirgin. In an yi sa'a, gobe."

Na koma ɗaki, Baba ya tambaye ni da ido, na kasa kallonsa. Ana kiran azahar ya cika.

Nan sabon tashin hankali ya taso. Inna tana kuka tana roƙon a jira, ko fuskarsa Yaya ya gani. Baffanmu ya ce, "Ki yi haƙuri, ba a ajiye mamaci don jiran wani." Na yi ta danna lambar Yaya kamar zan fasa wayar, alhali na san a kashe take. Kafin magariba mun dawo daga maƙabarta.

Da Yaya ya sauka inda zai canza jirgi ya bugo. Baffa ya riƙe hannuna ya raɗa mini cewa ba a gaya wa matafiyi mutuwa yana hanya. "Ya jikin Baba?" in ji Yaya. Na ce, "Ka dai taho."

Washegari aminin Baba ya kai ni filin jirgi a motarsa. Yaya ya fito da 'yar jaka, idanunsa sun yi ja. Muka shiga mota. Da muka zo kwanar gida, dattijon bai karya kan mota ba, ya miƙe hanyar maƙabarta. Yaya ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Jiya, kana sama."

Tun daga ranar na daina ɗaukar jirgi a matsayin abin da ya kashe nisa. Duk tafiyar da zan yi, sai na durƙusa gaban Inna na nemi gafararta, na faɗa mata duk abin da ke bakina, kafin in ɗauki jaka.