Harshen Hajiya Kabira Mai Zoborodo

"Umma, wannan jan abin shi ne giyar da aka ce haramun ce?"

'Yata Tahani ce ta jefo mini wannan tambaya, kofi a hannu, a gaban mai tukunyar kanta. Na rasa inda zan sa fuskata. Hajiya Kabira kuwa ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Zoborodo ne, jikalle, halal ne. Amma in na bar shi ya wuni ya kwana a zafin Makka, hanyar da zai kama ke nan. Shi ya sa nake tsaye a kansa."

Tsayuwar kuwa ta yi ta. Tun iyayenmu mata suna amare take dafa zoborodo a unguwar Ka'akiyya, nan Makka. Da ta idar da Asuba za ta tsince busasshen furen, ta wanke ƙasar, ta ɗora. Kuma ba ta taɓa cika maka gora ba sai ta tambaya, "Me kuka dafa?" In ka ce tsire ne, ta ba ka mai citta da kanumfari, mai tsami, don ya yanke maiƙo. In masa ce ko sambusa ta buɗa-baki, ta ba ka mara yaji, mai ɗan zaƙi. In kuwa ka ce fura da nono za a sha, sai ta maido maka da gorarka. "Ku sha furarku lafiya, gobe ku dawo."

Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ludayin da zai fita daga gidan sai ta ɗanɗana tukunyar da harshenta.

Matan unguwar Rusaifa ba su manta bikin Shaima 'yar Alhaji Mukhtaru ba. Wutar firjin ɗakin taron ta ɗauke, robobin zoborodon da Hajiya ta kai suka wuni a zafi. Ga baƙi sun cika, ga tsire ya sauka. Hajiya ta kurɓa, ta tofar. Uwar amarya ta kama hannunta tana roƙo, "Haba Hajiya, a ƙara sukari da ƙanƙara mana, wa zai gane?"

"Ni na gane," in ji ta. "Ya fara tashi. Ga yara a nan, kuma a garin Ɗakin Allah muke."

Ta sa aka tuttular da shi duka a magudana, aka ci tsiren da ruwa. Gidan ya yi ta fushi da ita har bayan Hajji. Yayata tana wurin, da goyonta, kuma har yau in ta tuna sai ta yi mata addu'a.

Bana Hajiya ta yi doguwar jinya. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ɗanɗano bai dawo ba. Tsami da zaƙi duk ruwa ne a bakinta. Muka taru muna lallashi: hannunki ya san awo, ki bar surukarki ta riƙa ɗanɗanawa. Ta ce, "In ya tashi, sunan wa za a kira, nawa ko nata? Halas, shi ke nan, na sauke." Ta kife tukwanen, alhali ba ta da wata sana'a.

Hajiya, ke ce kika shayar da unguwa guda ba ki ɓata cikin ɗan kowa ba. Ke ce kika sa ni, uwa mai yawan fargaba, nake miƙa wa 'yata kofi ban shinshina ba. Kin bar sana'a don kada ki sayar da abin da ba ki da tabbacinsa. Mun gode. Allah ya shayar da ke daga Alkausara. Masu dafa wa jama'a, ku yi koyi da ita. Mu kuma da muka sha, mu riƙa leƙa ta, kada mu je hannu sake.

Saura magana ɗaya. Tun da ta sauke, wasu suke yawo da jajayen gorori a bakin titi bayan La'asar, suna cewa na Hajiya Kabira ne. Na buɗe ɗaya, kumfa ta taso mini har wuyan gorar. Ba nata ba ne, tukwanenta suna kife. Kada ki saya, kada ka kai wa iyalinka, kuma kada ku kuskura ku ba yaro.