Mutumin da Ke Juya Ƙarfen Zarto

A tashar motocin Lambata da ke Suleja, direba ya tafi neman fetur tun hantsi, fasinjoji sai tsaki suke yi. Wani siririn mutum ne kaɗai bai damu ba. Ya shimfiɗa zane mai tsabta kamar zai yi wa jariri wanka, ya kwantar da faffaɗan ƙarfen injin yankan itace, wanda sarƙa ke zagayawa a gefensa. Da tsinken kitso yake sakace garin katako daga kwarmin ƙarfen, yana hurawa, yana bin bakin da magagari. Nasa haƙoran kuwa sun daɗe rabonsu da asuwaki.

Da ya gama, sai ya kifa ƙarfen ya ɗaura shi a injin, rubutun jikin ƙarfen ya koma kai ƙasa.

"Oga, a juye ka sa," in ji kwandasta.

"Na sani. Gefe ɗaya ya yi ta cinyewa, ɗayan yana hutu? Ai yanka zai karkace."

Ga alama dokar ba a inji ta tsaya ba. Rigarsa a baibai take, takalmin dama yana ƙafar hagu. Wataƙila a gida ma katifa ba ta kwana biyu a gefe ɗaya.

Sai ga matarsa Nasara, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe.

"Baban Timoti, ba ni tsinkena. Gobe ɗaurin auren ƙanwata a coci, haka zan je?"

Ya ƙare wa kan nata kallo a natse.

"Nasara, bar shi haka. Mako mai zuwa a kitse wancan gefen, wannan ya huta."