Kalmar da Abokina Ya So Ya Tafi da Ita

Shekarun baya, lokacin ina noman rani a fadamar Taloka, ina da wani aboki bakaniken injin ban-ruwa. Mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista, gajere kakkaura, kullum farcensa da baƙin mai. Injina tsoho ne, tari yake yi kafin ya tashi, wata rana ma ya yi tarin ya ƙi tashin, don haka ba a mako ban nemi mutumin nan ba. Daga gyaran inji muka koma cin tuwo kwano ɗaya, har shekara bakwai. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Malam, alhali shi bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba, ni kuma karatuna bai wuce izu goma ba.

Ni mutum ne mai son gardama, waɗanda suka san ni ba sai na rantse musu ba. Da zarar ya durƙusa gaban inji, hannunsa ya shiga aiki ba halin gudu, sai in gyara zama a kan kunyar gona in fara.

"Injiniya, yau dai ka gaya man gaskiya tsakaninka da Allah. Allahnku guda nawa ne?"

"Ɗaya ne, Malam. Miƙo man sufana."

"To Uba hwa? Ɗa hwa? Ruhu Mai Tsarki hwa? Ni na yi firamare, na iya ƙidaya."

Sai ya yi dariya, ya goge zufa da bayan hannu. "Ɗaya ne. Ni bakanike ne ba fasto ba, ban iya yi maka bayanin da za shi gamshe ka. Haka tsohuwata ta koya man, haka nika shaidawa, kuma bisa haka nika son in mutu. Riƙe man tiyon ga."

Sau ɗari mun yi wannan zance, bai taɓa yin fushi ba, ni kuma ban taɓa gajiya ba. Kuma shi ɗin ne in rana ta karkata zai ɗaga kai ya ce, "Malam, tahi ka yi sallarka, ni ka tsaron ruwan." Da azumi ban taɓa ganin ya kai ko ruwa baki a gabanmu ba.

Yana da wani ɗan littafin addu'a na Hausa, a naɗe cikin leda a ƙasan jakar kayan aikinsa. Ran Lahadin da aiki ya hana shi zuwa coci, sai ya wanke hannu da sabulu tas, ya koma gindin bishiyar bedi, ya miƙe tsaye ya faɗi abin da suke kira shaidar bangaskiya. Na ji shi har na san tafiyarsa: ya fara da Allah Uba, ya zo kan Ɗa, ya wuce Ruhu Mai Tsarki, ya ƙare da tashin matattu. Ni kuwa sai in matsa gefe ina istigfari da ƙarfi, don dai ya ji. Ku dubi rashin ta-ido.

A shekara ta biyar mahaifina ya kwanta ciwon ajali a gidanmu na Wurno. Abokina ya hawo babur ya zo dubiya, sai ya iske rai ya kusa fita. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallo. Ni ina riƙe da hannun tsoho, yayana ya sunkuya kusa da kunnensa yana maimaita kalmar shahada a hankali, har tsoho ya karɓa, ya cika da ita. Bayan an yi addu'ar uku, muna komawa Taloka, abokina ya ce mini, "Malam, wanga abu naku ya shige man rai. Mutum bai tahiya shi kaɗai, kuma in harshe ya yi nauyi akwai mai tuna mai. Ni ma in tawa ta zo, ina son in tahi da tawa kalma a baki."

Na ce, "Kwantar da hankalinka, ni ka laƙƙana maka tamu."

Ya yi dariya har babur ya yi tangaɗi. Ya ce, "Ka dai zo."

Shekara biyu bayan nan, da bazara, ana cikin cirar albasa, ya sa hannu ƙarƙashin busasshen ganye zai jawo tiyo, kububuwa ta sare shi a tsintsiyar hannu. Muka ɗora shi a babur sai wani ɗan asibiti a Goronyo. Aka yi masa abin da za a iya, aka ce sauran maganin sai an kawo daga Sakkwato. Yayana ya tafi nema. Tun ranar farko abokina ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Riƙe wagga wurinka. Kar ka kira tsohuwa sai magani ya zo, hawan jini gare ta." Na jefa ta aljihu.

Kwana biyu yana magana, har yana tsokanata wai injina zai yi maraici. A rana ta uku hannun ya kumbura har kafaɗa, jini ya fara fita ta dasashi, ya ce yana ganina dishi-dishi. Bayan azahar ya kira ni.

"Malam, ɗauko littahin nan cikin jaka."

Na ɗauko, na kwance ledar.

"Akwai inda na naɗe takarda. Karanta man. Ina ta hwaɗi cikin raina, sai in kai tsakiya abin shi ɓace man. Ka dinga hwaɗi ina bi."

Na buɗe wurin. Rubutu manya, Hausa tsantsa, babu kalma ɗaya da ta fi ƙarfina. Na kai idona layin farko, na gangara na biyu, sai na tsaya. Ni da na tashi ina jin cewa Allah bai haifa ba kuma ba a haife Shi ba, yau in buɗe bakina in ce na ba da gaskiya ga Ɗa? In kuma mutuwata ta riske ni kafin in rufe bakin fa? Ga majinyata a ɗakin, ga wata tsohuwa mai jinyar mijinta a gado na kusa ta zuba mini ido. Wallahi tsoro na ji, tsoron Allah da tsoron bakin mutane, kuma har yau ban iya raba muku wanne ya fi yawa ba.

Na ce, "Injiniya, wanga ba aikina ba ne. Bari in samo maka ɗan'uwanka shi karanta maka yadda ya kamata."

Ya laluba ya kama hannun rigata da hannunsa mai lafiya. "To bari karatun. Zamna dai."

"Yanzun nan ni ka dawowa."

Na zare hannunsa daga rigata, na ajiye littafin a kan ƙirjinsa, na fita.

Kiristocin da na sani a garin ba su da yawa. Na fara zuwa gidan wani ɗan sanda, aka ce yana aiki can wajen Shinaka. Na wuce gidan wani malamin sakandare ɗan ƙasar su abokina, matarsa ta ce ya shiga kasuwa. Ina hanyar kasuwa aka kira la'asar, na tsaya na yi. Sallar ban yi nadamarta ba, wajibi ce. Amma zaman da na yi bayan sallama ina jan carbi, ina ƙara wani zagayen bayan wani, wannan ba ibada ba ce. Ɓuya nake yi. Tun da na fito daga ɗakin nan na ji wani sauƙi a ƙirjina, kuma ban yi gaggawar komawa ba. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a fili.

Na samu malamin wurin masu kifi. Yana jin bayani ya saki ledar hannunsa ya haye bayana. Muka isa, muka iske an ja zane an rufe fuskar abokina.

Malamin ya durƙusa yana addu'arsu. Ni na tsaya daga gefe. Sai tsohuwar nan mai jinya ta yafito ni.

"Ɗana, kai ne Malam?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."

"Ya yi ta kiranka. Daga baya ya koma hwaɗin abin addininsu. Shi yi kaɗan, shi tsaya, shi ce, 'Daga nan sai mi?' Shi koma hwarko, shi zo wuri guda shi tsaya. Ni ban san abin ba, balle in tuna mai. Ruwa dai na ɗiga mai a baki, na riƙe mai kai."

Na ce, "Ya kai ƙarshe?"

Ta ce, "Allah kaɗai ya sani. Muryar ta yi ƙasa."

Yayana ya iso da magani bayan an riga an fitar da gawa. 'Yan cocinsu suka kai shi gida washegari. Ni na koma Wurno na kwanta kwana biyu ban fita ba. Mahaifiyata ta titsiye ni, na kwashe duka na gaya mata, ina jiran ta ce na kyauta da na tsare imanina. Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Karatun ban ce ka yi ba, ban ce kar ka yi ba, wannan na malamai ne. Amma Goronyo duk babu mai babur sai kai? In ba ka iya karanta mai, zaman ma ba ka iyawa?"



Bayan kwana goma na haɗa jakar kayan aikinsa da littafin da wayar, na hau mota zuwa ƙauyensu. Na yi wa matarsa gaisuwa, sannan aka kai ni wurin mahaifiyarsa. Tsohuwa ce 'yar firit, tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Ana cewa ga Malam na Taloka, sai ta miƙo hannu biyu ta kama nawa.

"Kai ne mai gardamar nan? Kullum in ya zo sai ya ba mu labarinka muna dariya. Ya ce duk ƙasar nan ba shi da kamarka."

Na ce, "Ni ne, Mama. Allah ya ba da haƙuri."

Na ajiye mata jakar. Ta ga littafin, ta shafa bangonsa, ta ce, "Ya samu ya faɗa?"

Na ce, "Ya faɗa, Mama."

Ta sauke ajiyar zuciya. "To na gode Allah. Ni na koya masa tun yana ɗan shekara biyar, ina daka yana tsaye gefen turmi. Akwai wuri ɗaya a tsakiya da kullum yake maƙalewa, har ya girma. Ya tsaya yana kallona. Kalma ɗaya nake ba shi, shi ke nan sai ya zarce har ƙarshe."

Daidai lokacin hannuna yana cikin aljihu, ina ciro wayarsa in ba ta. Wayar da take jikina tun ranar farko a asibiti. Ita ce a aljihuna sa'ad da nake tsaye a kansa da littafi a hannu, ita ce a aljihuna a gidan ɗan sanda, da masallaci, da wurin masu kifi. Lambar tsohuwar nan ita ce ta farko a ciki. Da na danna na kara masa a kunne, da ta ba shi kalmarsa da bakinta, ni ko harafi ɗaya ba sai na furta ba, ina zaune riƙe da hannunsa. Ya ce kar in kira ta sai magani ya zo, haka ne, amma wannan maganar ranar farko ce, ta mutumin da yake sa ran tashi. Wallahi ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba, domin a lokacin ba shi nake tunani ba. Kaina nake tunani.

Ta karɓi wayar, ta ɗora hannu a kaina ta yi ta sa mini albarka, tana cewa yadda ban bar ɗanta shi kaɗai ba, Allah kar ya bar ni ni kaɗai. Na sunkuyar da kai ina cewa amin. Ban gyara mata ba. Ta rasu shekara uku bayan nan, kuma har ta koma ga Mahaliccinta kowace Kirsimeti sai ta aiko mini da gyaɗa.

Na san wasunku sun riga sun fara rubuta mini fatawa. Ku dakata, ba ita na zo nema ba. Ina nan a kan addinina kamar yadda nake a ranar, kuma abin da abokina ya gaskata game da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ban gaskata shi ba, shi ma ya sani, bai kuma taɓa neman in gaskata ba. Ko yau aka sake miƙo mini littafin nan, ban san ko zan iya karantawa ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Shekara bakwai ina da bakin yi masa gardama a kan abin da ya riƙe, ranar da ya buƙaci ya riƙe shi da kyau kuma sai na nemi ƙofa.

Gardamar addini dai na bar ta tun daga lokacin, ba don an kayar da ni ba, daɗinta ne ya fita. In kuma na je dubiya na ga jiki ya yi nauyi, ba na tashi. A aiki wani ya kira likita, a aiki wani ya nemo dangi, ni ina nan. Matata tana ce mini na cika naci a gidan mutane, ina jinta, ban fasa ba.

Tsohon injin yana nan a zaurenmu, ya daina tashi, na kuma hana a sayar wa masu gwangwan. Wani lokaci in na wuce shi sai in tuna mu biyu a kan babur, hanyar Wurno zuwa Taloka, yana dariya yana ce mini, "Ka dai zo." Na zo ɗin, Injiniya. Zaman ne ban yi ba.