Layun Gwangwani a Taron 'Yan Kwana-kwana

Damina ce, wannan kam ba na shakka, domin duk sanda ranar ta dawo mini sai in ga hazo kwance a kan duwatsun Kagoro, in ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta tagogin zauren taro. Shekarar kuwa ta kuɓuce mini. Farkon shekarun casa'in ne dai, lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, 'yata tana da shekara biyar.

Yarinyar nan kurma ce, ba ta ji, ba ta magana. Jirgi ma da tafin ƙafa take saninsa. Sai ka ga ta tsaya cak tana murmushi, can daga baya mu masu kunne mu ji kukansa. Ga ta da yawo kamar 'yar akuya. Ta taɓa ɓace mini a kasuwar citta ta Kachia tun hantsi har la'asar. Da na iske ta wajen 'yan sanda, an tambaye ta da Hausa, da Turanci, da Fulatanci, har da yarenmu na Kagoma, ita kuwa sai kallon bakinsu take yi. Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba.

Dabarar ta zo mini ina kan keken ɗinki. Na yanyanka gwangwanin madara ƙanana ƙanana, mijina, wanda ke gyara a reluwe, ya buga rubutu a kai da ƙusa: sunan yaro, sunan uwarsa, da unguwarsu. Muka yi na 'yata da na yaran maƙwabta, guda talatin. Amma me amfanin rubutu a wuyan yaro in wanda ya tsince shi bai san ya duba ba? Sai ga sanarwa a coci, wai za a yi taron 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da 'yan agaji da masu motar asibiti, 'yan kasuwa kuma za su baje musu kayan aiki. Na yi ta sintiri har wani mai sayar da takalman roba ya yarda ya ba ni gefen teburinsa.

Bakin gwangwani yana da kaifi, don haka na kai wa wani tsohon baduku a kasuwa. Na ce, "Baba, a rufe musu baki da fata kada su yanki yara, a sa igiya. Wannan guda kuma a sa masa ja, na 'yata ne." Ya dubi rubutun, ya gyaɗa kai, ya ce, "An gama, 'yata." Ranar taro da safe na karɓa a ƙulle cikin leda, ina sauri da 'yata a hannu, ban ko buɗe ba.

Zauren nan, har yau kamar a barci na gan shi. Jajayen tukwanen kashe gobara a jere, hulunan kwano suna ƙyalli, gadajen ɗaukar marasa lafiya a jingine da bango, lasifika tana ta magana ba mai sauraro. Ruwa yana sauka a kan kwano a hankali. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na zazzage leda.

Yesu na! Layu ne. Layu talatin, an naɗe kowanne da fata gaba da baya, an ɗinke tsaf, ko ɗigon rubutu ba a gani. Bawan Allah nan, shekara da shekaru duk rubutun da aka miƙa masa a kan yaro rufewa yake yi. Ya yi mini aikinsa mafi kyau, ya kashe ni. Da yana kusa, da ya ji bakina. 'Yata kuwa ta wawuri mai jar igiyar ta rataya, tana shafawa, murna har kunne.

Mutane suka fara zagayowa. Wata nas ta leƙa, ta ce, "Madam, mu ba ma irin wannan," ta wuce. Wani ɗan kwana-kwana mai furfura a gashin baki ya ɗauki guda yana juyawa. "Mama, na wuta ne ko na ƙarfe? In na wuta ne ba ni biyu." Abokansa suka kwashe da dariya.

Na ce, "Oga, ba magani ba ne. Suna ne a ciki, da unguwa. In kun tsinci yaro, ku buɗe ku karanta."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ajiye a hankali. "Mama, gaskiya zan gaya miki. Shekara ashirin ina wannan aiki, na ɗauko yara daga rijiya, daga wuta. Ban taɓa buɗe abin da ke wuyan ɗan wani ba, kuma ba zan fara ba. Wa ya san abin da uwarsa ta sa?"

Nan raina ya ɓaci, na manta inda nake. Na ce masa wuta ba ta ba shi tsoro ba sai fatar akuya? Na ce musu dukansu manyan banza ne masu hular kwano. Na ɗaga murya har mai takalma ya ja kayansa gefe. Ina faɗa hawaye na zuba, domin na san gaskiya ya faɗa, ni ma da na tsinci ɗan wani ba zan buɗe ba.

Da na juyo in kama hannun 'yata mu tafi, babu ta.

Abin da ya biyo baya ba shi da sauti a cikin tunanina. Ina ganin bakuna suna motsi, ina ratsa kaki da fararen riguna, ina ɗaga ƙyallen tebura. Ban kira ta ba, kiran me? Na fita cikin ruwa. Titi ya yi fari, 'yan acaɓa suna wucewa kamar ba sa taɓa ƙasa, kuma can ƙasan hanya ga layin dogo. Na tsaya ina roƙon Ubangiji da yaren da ban yi addu'a da shi ba tun ina yarinya.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na hango mai furfurar nan yana hawowa daga wajen dogo, ya saɓo ta a kafaɗa, ya kifa mata hularsa. Bai san tawa ce ba, domin duk faɗan da muka yi tana ƙarƙashin teburi. Yana tafe yana kiran wani suna da ƙarfi, yana dube-dube. Sunana ne. Yana haɗawa da "bayan tasha, layin masu ɗinki."

Da ya ga ni ce na taho da gudu, ya tsaya. Layar tana lilo a ƙirjinta a buɗe, zaren ya tsittsinke, da haƙori ya yi.

Ya ce, "Na yi mata magana sau uku ba ta waigo ba. Sai na yi bisimilla." Ya sauke ta, ya share ruwa daga fuskarsa. "Mama, kina da reza?"

Ina da ita a jaka, tela ce ni. Muka koma ciki a jiƙe, ya kira mutanensa huɗu, suka zauna a kan benci suna farke sauran ashirin da tara ɗaya bayan ɗaya, kowa yana karanta sunan da ya fito masa a bayyane.