Tumunin Kellu

Duk wanda ya san Kellu a Kwarin Giyayya, wani ɗan ƙauye a ƙasar Hamdara, da ƙwarya a ka da lauje a hannu ya san ta. Babarbariya ce, daga wajen Gure aka auro ta. Har ta mutu Hausarta ba ta miƙe ba, amma in faɗa ya tashi ba ta neman tafinta.

Da mijinta Nomau ya rasu aka zo rabon gandu, ƙannensa suka yi abin da suka ɗauka wayo ne. Suka kwashe gonakin jigawa masu ba da gero da gyaɗa, suka yanka wa ɗanta Alkasum ɗaya, ita kuwa suka ce tumuninta na gado itatuwan kurmi ne. A wajenmu itace daban, ƙasa daban. Kana iya mallakar itace a ƙasar da ba taka ba, kuma ba mai ɗora masa gatari sai da yawunka. Suna ganin sun ba ta inuwa da sauro. Kellu ta ce ta karɓa, ba ta ko gode ba.

Kurmin a cikin kwari yake, bayan gari. Ƙasarsa baƙa ce a sama, mai danshi ko da rani, in ka tona kamu ɗaya sai farar ƙasa, irin wadda mata ke shafe ɗaki da ita. Maɗaci da kanya da ɗinya da ɓaure sun haɗe kai a sama, giyayya ta bi bakin danshi, ga wani tsohon gamji a tsakiya da ba wanda ya san shekarunsa. Amma Kellu ba sama take kallo ba. Dukiyarta a ƙasa take: balasa mai son inuwa, lalo, gasaya, rogon daji da ke hawan kututture, yaɗiya ta nannaɗe komai. Ta san gindin tsamiya ba ya tsirar da abin kirki, ta san inda ganyen ɗinya ya ruɓe can lalo ke yin faɗi. Ba ta tumɓuke komai da saiwa. In ta kama wata mace tana tumɓuka, sai unguwa ta ji.

Aka yi shekarar tamanin da huɗu. Aka shuka gero, ya tsiro, ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Kafin sanyi ya shigo rumbuna sun zama ɗakin ɓera. Masu ƙafa suka bi gudro, wato titin kwalta, wasu Damagaram, wasu Kano. Ana jin labarin kamyo, manyan motocin kaya, na kawo jar dawa garin Mirya, amma labarin ya fi dawar isowa. A nan aka san maci tuwo, don miya ta ƙare. Ƙannen mijin nan masu wayo, matansu ne ke zuwa da sassafe suna durƙusawa a ƙofar Kellu, ita kuwa ta shige gaba ta kai su kurmi, tana nuna musu inda za su tsinka tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya.

Cikin wannan hali Indo, matar Alkasum, ta haihu ran Talata. Ba ta ga suna ba. Ta bar jaririya da yara biyu a hannun Kellu. Aka zaga gari ba a sami mai shayarwa ba, duk macen da ke goyo nonon ɗanta ma bai ishe shi ba. Kellu ta dafa duk ganyen da ta sani na kawo nono ta sha, ta ɗora yarinyar a ƙirji. Yarinya ta tsotsa, ta saki, ta tsala kuka. Abin da ya rage saniya ɗaya ce mai tatsa, ita ma ƙashin haƙarƙarinta a waje.

Ga jaririya ba ta jure tafiya, ga saniya ba ta iya kai zango ɗaya. Tafiya ta haramta gare su. Ciyawa kuwa ko ta rufin ɗaki an zare an ba dabbobi.

Alkasum ya zo ya tsuguna. Ɗan fari ne, Kellu ba ta kama sunansa.

"Inna, saniyar nan jiya ko rabin ludayi ba ta ba da ba. Ki bar ni in sassabo mata maɗaci."

"Kai, ka san abin da ke ƙarƙashin maɗacin?"

"Na sani."

"Ka san shi yaran nan biyu ke ci?"

"Na sani, Inna. To ita wannan me za ta ci?"

Gaba kura, baya sayaki. In an sare reshe rana ta shiga, ganyen ƙasa ya bushe, manyan yara su kwana da yunwa. In ba a sare ba nono ya ƙafe. Kellu ta ce reshe ɗaya, kuma ita za ta nuna wanda za a sara.

Haka aka dinga yi. Kullum ta tsaya a gindi ta ɗaga kai, tana auna inda inuwa za ta faɗi, ta zaɓi reshen da ya fi ƙarancin ɓarna. Tana yi tana faɗa da ɗanta, wai saransa kamar na makaho. Ba haushinsa take ji ba, ya sani. Aka gama maɗaci aka koma ɓaure, aka gama ɓaure aka koma ɗinya. Duk inda rana ta sauka, balasa ce ke fara kwanciya, lalo ya bi ta, ƙasa ta tsage ta yi fari. Ƙwaryar da Kellu ke cikawa ta koma rabi. Matan da ke bin ta suka daina zuwa, ba don ta hana su ba. Yaran biyu suka koma cin 'ya'yan anza masu ɗaci da ta jiƙa, cikinsu ya kumbura, tana gani. Wani lokaci sai ta shiga kurmin ita kaɗai ta yi kukanta ta fito, ta ce hayaƙi ne.

Da bazara ta kai tsakiya, gamji kaɗai ya rage da rassansa. A ƙarƙashinsa ne ɗan danshin ƙarshe ya taru, fili bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, kore shar. Alkasum ya kasa tambaya. Ya zauna yana wasa gatari, ya gama ya sake wasawa. Kellu ta tafi ta tsinke duk abin da ke wurin, wannan karon har saiwa, ta cika ƙwarya. Ta dawo ta ajiye.

"Tashi ka hau," ta ce.

Gamjin ya riƙe saniyar har ruwa ya sauka. Yarinyar ta rayu, ita ce Talatu. Cikin manyan biyu ɗaya ya rayu.

Itatuwan wasu sun yi toho, da yawa ba su yi ba. Damina ta kwashe baƙar ƙasar ta bar farar a fili, rairayin jigawa ya gangaro, ƙarangiya ta samu gida. Kellu ta yi shekara da shekaru tana yayyafa irin lalo a wurin, ba ta fasa ba sai da gwiwa ta hana ta.

Wata rana Talatu ta dawo daga lakwal, makarantar boko, ta ratso ta kwarin, ta zauna tana cire ƙarangiya daga zanenta.

"Kaka, wai don me ake ce wa wurin nan kurmi? Ko inuwar akuya babu."

Kellu ta dube ta tun daga kai har ƙafa, doguwa, mai ƙoshin lafiya.

"Da akwai," ta ce. "Ke kika shanye shi."

Talatu ta yi dariya, ta ɗauka tsokanar kaka ce. Kellu ta jawo bakin zanen ta taya ta cirewa.